Gashi Bakwai a Kuben Gatari

A sara na tara gatarin ya fashe.

Sajan Maree Hingston, 'yar sandan garin, tana bakin igiyar da ta kewaye fili da kofin shayi a hannu. Ba aiki ya kawo ta ba, kallo ta zo, kamar kowa a garin Railton ranar gasar saran gungume. Maza shida ne a fili, kowa tsaye kan gungumensa yana sara tsakanin ƙafafunsa, ɓarɓashin itace yana tashi. Darcy Febey ne a gaba, kamar yadda ya saba shekara shida jere. Sai aka ji wata ƙara, ba irin ta ƙarfe a jikin ɗanyen itace ba, irin ta farantin tangaran in ya faɗi a siminti. Bakin gatarin ya ɓalle, ragowar ta goce ta sauka a ƙafarsa ta hagu.

Fili ya yi tsit. Sauran biyar ɗin suka tsaya da gatura a sama.

Safar sulke da masu sara ke sawa cikin takalmi ita ta hana yatsun fita, amma ƙashi ya karye, jini kuwa har kan gungume. Wanda ya fara isa wurinsa mahaifinsa ne, Lindsay Febey, tsohon zakaran garin, wanda ciwon kafaɗa ya raba da sara shekara tara da suka wuce. Shi ya rungume ɗan har motar asibiti ta iso. Matar Darcy ta shiga motar, Lindsay ya tsaya a fili, hannayen rigarsa jage-jage da jini. Matan rumfar shayi suka miƙo masa wata riga mai gajeren hannu, ya girgiza kai.

Kafin motar ta fita ƙofa, magana ta gama zagaya fili: Athol Viney ne ya wasa gatarin. Shekarunsa saba'in da huɗu, hamsin daga ciki ya yi su yana washi, kuma rabin gaturan da ke filin nan daga rumfarsa suka fito. Yanzu sai ga maza suna zare nasu daga kube, suna ɗaga su a rana suna ƙanƙance ido. Wasu suka ce idon tsoho ya tafi, ya ci ƙarfen har ya yi siriri. Shugaban kwamitin gasar ya sanar cewa za su zauna ƙarfe huɗu, kuma kowa ya san abin da za a yanke: duk gatarin da ya bi ta hannun Athol ba zai ƙara shiga fili ba.

Maree ta sami Athol zaune kan kututture da guntun ƙarfen a tafin hannu. Shi ya riƙa wasa gaturan mahaifinta har mahaifin ya rasu.

"Baba Athol, ba ni in gani."

"Tsohuwa ce fa, Maree," ya ce, bai ɗago ba. "Shekara talatin ina wasa ta. Na san ta fiye da yadda na san fuskata."

Tsohuwa sunan gatarin ne. Na Lindsay ne tun asali, da shi ya ci gasar sau shida, ya ba ɗansa ranar da ya ajiye sara.

Maree ba ta san ƙarfe ba, don haka ta nemi wadda ta sani, wadda kuma ba ta da dalilin rufa wa Athol asiri. Raelene Bramich ita ce ɗayar mai washi a yankin, da injina na zamani take aiki, kuma shekara goma ke nan ita da tsohon ba sa gaisawa sai da kai. In aka kori Athol, duk aikinsa hannunta zai koma. Maree ta faɗa mata haka ƙiri-ƙiri, ta tambaye ta inda take daga Laraba zuwa Juma'a, kwanakin da gaturan Darcy suka yi a rumfar tsohon. Raelene ta ce tana birnin Hobart wajen bikin ƙanwarta, mutum ɗari sun ga tana rawar da ba ta iya ba. Sannan ta karɓi guntun, ta ciro magagari daga aljihu ta goga a bakinsa. Magagarin ya zame kamar a kan gilashi. Ta sake gogawa can sama, ya kama.

Fuskarta ta canja.

"Wannan ba tsufa ba ne, Sajan. An ɗora shi a busasshen injin washi, wanda ba ruwa, har ya yi ja, aka tsoma a ruwan sanyi, ya yi gautsi. Aka bi da dutsen washi aka goge shuɗin ƙunar tas. Tsohon nan yana da taurin kai kamar jaki, amma ko an sa masa bindiga ba zai yi wa ƙarfe haka ba."

Ta gwada sauran gatura uku da ke akwatin Darcy. Lafiyarsu ƙalau. Tsohuwa kaɗai aka taɓa.

Maree ta ɗauki kuben fatar da aka zare gatarin daga ciki, ta buɗe shi a rana. A jikin man da ake shafa wa kaifi, wasu gajerun gashi sun manne. Ta kwashe su da tsinke kan farar takarda, ta ƙirga. Bakwai ne, ja mai haɗe da furfura, kowanne yankakke ne sumul daga tushe.

Ba sai an yi mata bayani ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda ake gwada kaifi: a ɗora bakin gatari a sangalin hannu a ja a hankali, in ya aske gashi to ya yi. Ta koma wurin Athol ta ce ya nuna mata hannayensa. Ya miƙo su. Sumul suke kamar na jariri. Ya ce gashin ya gaji da shi tun shekara ashirin baya ya daina fitowa, da takardar jarida yake gwaji yanzu. Darcy fa? Tsohon ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce babu wanda ke gwada gatari bayan ya fito daga hannunsa, raini ne, ba a zare shi ma sai a kan gungume. Kuma gashin Darcy baƙi ne, na uwarsa ya ɗauko.

Ta sa Athol a mota suka je rumfarsa, tafiyar minti goma. Ƙofar ba ta da kwaɗo, ba ta taɓa samu ba. Athol ya ce duk Alhamis da rana yana garin Latrobe wajen matarsa a gidan kula da tsofaffi, daga ɗaya zuwa biyar, kuma har karnukan garin sun san haka. Dutsensa na ruwa, mai juyawa a hankali, yana nan yadda ya bar shi. Amma a kusurwa akwai tsohon busasshen inji da yake wasa wuƙar yankan ciyawa da shi, rufe da buhu. Maree ta ɗaga buhun. Ƙura ta rufe ko'ina, ban da makunni da kuma dutsen, wanda ke ƙyalli da sabon garin ƙarfe. An naɗe wayar kuma a tsanake, an rataye. Athol ya ce shi jefar da ita yake yi a ƙasa.

Ƙarfe uku suka dawo fili. Ta nemi Clint Radford, wanda shekara huɗu yana zuwa na biyu a bayan Darcy. Ta same shi yana cin burodi da tsiren alade, rabin ya huce a hannunsa. Hannunsa na hagu akwai sabon aski, amma haka na kowane mai sara a filin yake, don kowa ya gwada gaturan atisayensa da safe. Gashinsa baƙi ne ƙirin. Ya ce ranar Alhamis yana daji da mutum takwas suna kayar da itace har magariba. Da ta tambaye shi ko ya san da wane gatari Darcy zai shiga, ya yi dariya maras daɗi ya ce da ya sani da ya yi barci. Darcy ba ya zaɓa sai ya ga irin itacen, itacen kuwa kwamiti ke sarowa, ba a nuna wa kowa sai safiyar gasa.

"So nake in kayar da shegen yana kan ƙafafunsa biyu, Sajan, da gatarinsa mafi kyau. Kofin gasar nan ko an ba ni yau ba na so."

Maree ta tsaya a inuwar rumfa tana kallon fili. Rana ta Fabrairu tana dukan kwano, kowa ya naɗe hannun riga ko ya tuɓe. Mutum ɗaya ne kawai hannun rigarsa ke ɓalle har wuyan hannu, jinin ya bushe ya yi baƙi a kai. Ta bi shi da ido har ya shige zauren kwamiti.

Ta sami Lindsay shi kaɗai a zauren, tsaye gaban allon katako da ake rubuta sunayen zakaru da ruwan zinariya. L. Febey sau shida a jere. Can ƙasa, D. Febey sau shida a jere. Layi na gaba babu komai; da Darcy ya ci yau, da ya wuce mahaifinsa.

Ta gaishe shi, ta ce an bugo daga asibiti, ba za a yanke ƙafar ba. Ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka faɗa. Ta tambaye shi wa ya zaɓo itacen bana. Ya ce shi ne ya zaɓo wa kwamitinsu, kamar kullum, mai tauri ne. Ta tambaya da wane gatari Darcy ke shiga itace mai tauri. Ya ce da Tsohuwa, shi ya koya masa.

"Yaushe rabonka da riƙe gatari, Kawu Lindsay?"

"Shekara tara. Kin sani. Ko na faskare ba na ɗagawa."

"To naɗe min hannun rigarka."

Ya dube ta. Ya dubi ƙofa. Sannan a hankali ya ɓalle maɓallin hagu ya naɗe. Gashi ja da furfura, cike, ba abin da ya taɓa shi.

"Kai bahago ne," ta ce. "Ɗayan."

Ta jira. Can ya kai hannu ya ɓalle na daman. A tsakiyar sangalin akwai fili sumul, faɗin yatsa biyu, gashin ya fara ɗan tsirowa, na kwana biyu.

Maree ta warware takardar a kan tebur. Ta faɗi abin daki-daki. Wanda ya yi aikin ya san Athol ba ya nan ranar Alhamis, wannan kowa ya sani. Ya san irin itacen bana, wannan 'yan kwamiti kaɗai suka sani. Ya san gatarin da Darcy zai ɗauka cikin huɗu, wannan mutum biyu ne suka sani, ɗayan yana asibiti. Ya ƙona ƙarfen, ya goge ƙunar, ya mayar da kaifin yadda ko Darcy ba zai gane ba. Da ya tsaya nan ya mayar kube, da yau ƙarfe huɗu Athol ya gama yawo. Amma hannun da ya yi shekara talatin yana sara ba zai gama washi ya ajiye bai gwada ba.

Lindsay ya zauna kan kujera.

"Ban ma san na yi ba," ya ce. "Sai da na zo wanka na gani." Ya dubi allon sunayen. "Na ɗauka bakin zai lanƙwashe ne kawai. Ya zo na biyu, ko na uku. Mu tsaya shida da shida. Shi ke nan abin da na so, Maree. Shida da shida."

"Ɗanka ne."

"Na sani."

"Kuma da ka zauna kujerar can ka ɗaga hannu a kori Athol?"

Lindsay ya miƙe tsaye.

Ba ta sa masa ankwa ba. Ta fito da shi ta ƙofar gaba, hannun rigar a naɗe, suka ratsa fili. Ba wanda ya tambaya. Masu sara suka dubi hannun, suka dubi nasu hannayen, wani ya cire hula kamar gawa ce ke wucewa. Shugaban kwamiti yana tsaye da takardar zama, bakinsa a buɗe.

Da ta rufe ƙofar mota ta waiwaya. Clint Radford ne ya fara zuwa, ya ajiye akwatin gaturansa a gaban kututturen da Athol ke zaune. Wani ya biyo, wani ya biyo. Har Raelene ta zo ta tsaya a gefe, hannu cikin aljihu.

Tsohon ya daɗe yana kallon akwatunan. Ya jefa guntun Tsohuwa a aljihun rigarsa, ya miƙe da ƙyar.

"Ku kawo su Litinin," ya ce. "Ku ƙwanƙwasa in kun zo. Zan sa kwaɗo a ƙofar."