Kwalbar Dokta Mahbuba

Da safiyar Litinin Dokta Mahbuba ta buɗe firij a ɗakin bincikenta da ke Dutse, ta tarar kwalba ta yi ƙafa. Garin maganin buɗe jijiyoyin jini ne a ciki, wanda take gwadawa a kan ƙwayoyin kwalara ko zai karya lagonsu. Ita kaɗai gare ta, kuma kafin a aiko da wata kwalbar, damina ta faɗi, cutar ta shiga ƙauyuka.

Sufeto Uwaisu ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Aikin ɗan gida ne.

"Dokta, in mutum ya sha, me zai same shi?"

"Jininsa zai sauka. Yana miƙewa jiri zai kwashe shi."

Safara'u mai shara ta dafe ƙirji. "Ni da firij ɗin ɗakin kwalara? Yallaɓai, ko ƙanƙara aka ba ni daga ciki, na yafe!"

Tasi'u direba kuwa tun Juma'a yana Ringim wurin biki, sai yau ya dawo, har ya ishi Sufeto da hotuna. Saura Malam Nata'ala mai kula da sito, dattijon da ke jan ma'aikata sallah. Daga zaune ya amsa gaisuwa, ya ce bai ga komai ba.

Da azahar ta yi, sai ga Malam ya tura Tasi'u gaba, shi ya koma gefen sahu ya yi tasa a zaune. Ana sallamewa Sufeto ya matso.

"Baba, kowa ya shaida ba ka taɓa barin limanci ba. Ɗazu ba ka tashi ka tarbe ni ba, yanzu ka kasa tsayuwa. Jiri ne ko?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ɗana, hawan jini ke damuna. Na ji Dokta na cewa yana saukar da shi, na ce bari in ɗan barbaɗa a kunu."

Ya zaro kwalbar daga aljihu, kunya kamar ta kashe shi. Dokta ta fara auna jininsa, ta yi masa faɗa, ta haɗa shi da asibiti. Sannan ta ɗaga kwalbar a haske.

"Zai isa aikin?" in ji Sufeto.

"Har da saura!"

Sai ta manta da farar rigar da ke jikinta, ta rangaɗa guɗa.