Aljanun da Aka Kora Daga Waya

Magariba ta kawo jiki, mai gyaran waya yana zaune a ɗakinsa na baya, inda wayoyi suke jere a kan katako. Matarsa da maƙwabta duk sun ɗauka na gyara ne, alhali kowace cike take da asusun bogi na dandalin sada zumunta, sunaye da fuskokin aro, waɗanda yake saki su yabi wanda ya ɗauke shi aiki, su zagi wanda aka nuna masa. A makon nan kamfanin dandalin ya yi shara ya rufe yawancinsu, shi kuwa a ganinsa iyakar masifar ke nan.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Ya leƙa tsakar gida, ba kowa sai 'yarsa budurwa tsaye a bakin famfo, bokiti ya cika yana ta ambaliya. Magana take da muryoyin da ba nata ba, ta tsoho, ta mace, ta saurayi, duk suna kiran hedimastan unguwar ɓarawo. Babu kalmar da bai sani ba, domin shi ya rubuta su.

Haka aka yi ta yi duk magariba, yana kallon uwar tana kuka, ya ƙi gaya mata gaskiya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta kira malami mai ruƙiyya. Maƙwabta suka cika ƙofa, har da hedimastan, bawan Allah, ya zo jaje.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji shi.

"Mu dai, Malam. Ka san mu da son kango. Mutumin nan ya gina mana gidaje, ga suna ga fuska, ba kowa a ciki, muka tare. Yanzu an rushe. Ina za mu?"

"Me ya haɗa ku da yarinya?"

Aka yi wata dariya mara daɗi a bakinta. "Ai gidan da ya rage ke nan. Tambaye shi hoton wa ya liƙa a asusun da maza suka fi bi. Mu ƙofa muka gani a buɗe."

Uwar ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Ku fita," Malam ya ce.

"Sai ya buɗe mana wasu gidajen."

"Ko ɗaya."

"To, ya rufe wannan asusun da hannunsa a gaban jama'a, ya faɗi wanda ke magana a ciki. Ba ma zama inda mai gida ya bayyana."

Uban ya je ya ɗauko wayar. "Ni ne," ya ce, ya kasa duban wajen hedimasta. "Duk ni ne." Ya goge asusun. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa.

Da ta farfaɗo, ya durƙusa ya miƙa mata ruwa. Ba ta karɓa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta juya wajen uwarta.

"Mama," ta ce a hankali, "ki gaya wa Baba, duk abin da aka faɗa ina ji."