Akwatin da Ba Ya Rufe Labari

Ranar Talata ce, cikin damina. Hadari ya taru tun azahar, bai zubar ba, bai kuma watse ba. Zafi ya kwanta a kan unguwar Gumbihini kamar an kife ƙwarya.

A ranar Abdul-Latif mai walda ya dawo gida da wani ɗan baƙin akwati a aljihu, bai kai tafin hannu ba. Mutum ne da ba ya son magana, ba ya kuma son yawo. Ƙyauren gidansa da ƙarafan tagogi duk shi ya ƙera su. Abu ɗaya ke damunsa. Matarsa Mashudatu da 'yarsu Farhana, mai shekara sha bakwai, kullum da yamma suna gidan maƙwabta wajen kallo, sai an kira sallah su shigo da gudu. Ya ce zai kawo musu kallon har ɗaki, kowa ya zauna a gida.

A wata rumfa a unguwar Kanvili ya saye shi, wurin Richmond, ɗan kudu mai sayar da tsofaffin kayan wuta.

"Alaji, wannan ba ya son dish, ba ya son faifai," in ji Richmond da Hausarsa ta kasuwa. "Ka soka a bayan telebijin, yarinya ya ba shi intanet na waya. Fim ba ya ƙarewa."

Abdul-Latif bai tambayi na wane ne a da ba. Richmond ma bai goge abin da ke ciki ba.

Farhana ce ta haɗa shi. Da hoto ya fito ta tsaya.

"Baaba, akwai sunan wata a ciki. Hajiya Adisa."

"Yana aiki?"

"Yana aiki."

"To ki bar sunan."

A ƙarƙashin sunan akwai wani dogon wasa da aka tsayar a tsakiya, kashi na ɗari biyu da sha ɗaya. Mashudatu ta ce a danna su ga abin da Hajiyar ke kallo. Labarin wata mata ne da aka raba ta da ɗanta yana jariri, tana bin garuruwa tana nemansa. Da kashin ya ƙare, lambobi suka fito a gefe: biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Wani kashin ya fara, ba wanda ya taɓa komai.

Ladan ya kira magariba. Abdul-Latif ya tafi masallaci ya dawo, ya same su yadda ya bar su, tuwo bai sauka daga wuta ba, ƙofa a buɗe. Ya miƙa hannu ya zare wayar wutar akwatin daga bango.

Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin. Sai na biyu. Sai suka riƙa zuba kamar ana juye tifa. Ya fita da tocila, ba kowa a lungu, ba kowa a kan bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Yana dawowa ya ga Farhana ta mayar da wayar. Duwatsun suka tsaya.

Daga ranar gidan ya canja. Farhana ta daina fita tsakar gida. Ta zauna a gefe ɗaya na doguwar kujera, ɗaya gefen kuwa ya lotsa kamar mutum na zaune. Washegari da la'asar sakaliya ɗakin ya ɗauki warin tsohuwar toka. In matar cikin wasan ta yi kuka, sai a ji wani ya ja dogon numfashi daga wurin da ba kowa.

Ranar Laraba da yamma aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya. Ɗakinsu kaɗai ke haske. Mashudatu ta duba wayar hannun Farhana, wadda ke ba akwatin intanet, ta ga ta mutu tun rana. Hoton bai tsaya ba.

"Maigida, ka fitar da abin nan," ta ce a hankali.

Ya zare shi ya nufi ƙofa. Ƙyauren da ya ƙera da hannunsa, wanda ya san kowane ɗinkin walda a jikinsa, ya ƙi motsi. Ya sa kafaɗa, ya sa ƙafa. Duwatsu na zuba a sama. Ya ajiye akwatin a ƙasa, ƙyauren ya buɗe da kansa. Ya ɗauki yarinyar cak zai fitar da ita, a bakin ƙofa ta yi masa nauyi kamar buhun siminti uku, sai da ya durƙusa. Ta koma da rarrafe, ta sake haɗa akwatin, ta hau kujera. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, idonta ya yi ja don ba ta ƙiftawa.

"Ka so mu zauna a gida," in ji Mashudatu, tana share hawaye. "Ga shi mun zauna."

Ranar Alhamis bayan la'asar ya ɗauko Afa Usumanu a bayan babur. Tsohon malami ne, siriri, mai ciwon gwiwa, wanda ake kira in irin wannan ta faru. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau biyu, ɗaya ga mutanen gida, ɗaya yana kallon gefen kujerar da ya lotsa. Ya zauna a tabarma, ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Rana ta yi ƙasa, inuwar ƙarafan taga ta miƙe a kan bango. Ya daɗe yana yi kafin yarinyar ta juyo.

Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya.

"Malam, ka rage. Kana hana ni ji."

"Wane ne kai?"

"Baƙo."

"Baƙo ba ya jifan mai gida. Me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

"Idonta nake aro. Nawa ba ya ganin hoton nan sosai."

Afa ya yayyafa mata ruwan. Ta yi ƙara, ta dafe kujera.

"Zan faɗa, zan faɗa. A tsamiyar gidan Adisa nake, a Kanvili. Shekara arba'in tana yi wa yara tatsuniya bayan magariba, ina zaune a bayanta ina ji. Mu in muka zauna wa labari ba ma iya tashi sai mai labari ya rufe. Ita kullum tana rufewa, in koma bishiyata. Yaran suka girma suka watse. Ɗanta ya aiko mata da akwatin nan daga Turai. Ta daina faɗa, ta koma kallo. Na zauna tare da ita. A gaban akwatin ta rasu, ba ta rufe ba. Aka kwashe kayanta aka sayar, aka sayar da ni a ciki."

A telebijin matar na ƙwanƙwasa wata ƙofa cikin ruwan sama.

"Ni ma na gaji," in ji muryar. "Wata bakwai ban ga gida ba. Ku bar mini yarinyar har labarin ya ƙare. Ranar da ya ƙare zan tafi, ba zan taɓa ko gashinta ba. Mai gida ya ce ya yarda."

Abdul-Latif ya buɗe baki. Mashudatu ta damƙe hannunsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba.

"Kada ka amsa! Afa, abin nan ba ya ƙarewa. Saura kashi ɗari huɗu, na gani da idona. In ma wannan ya ƙare, wani zai sako da kansa. Ƙirga biyar kawai yake yi."

Afa Usumanu ya dubi akwatin, ya daɗe yana dubansa.

"Ba mai rufewa a ciki?"

"Babu, Afa."

Ya juya ga yarinyar. "Ka ji. Abin da kake jira ba ya zuwa. In an rufe maka yau, za ka tafi?"

"Wanda ya kawo ni shi zai rufe. Amma ba rufewar banza ba. Sai ya gaya mini yadda matar nan ta ƙare."

"Ni ban kalla ba," in ji Abdul-Latif.

"Ba a ce ka kalla ba," in ji Afa. "An ce ka faɗa. Bakinka ba walda aka yi masa ba."

"Da sauran sharaɗi," muryar ta ce. "Gidan Adisa ba mai tatsuniya yanzu. Duk Alhamis bayan magariba mai gidan nan ya zauna gindin bishiyar ƙofar gidansa ya yi mini ɗaya, ya rufe."

"A waje," in ji Afa. "Ba za ka ƙara tsallake ƙofar nan ba, ba za ka ƙara aron idon kowa ba. Alhamis bakwai."

"Arba'in."

"Goma sha biyu, kuma ka rantse da wanda ya halicce mu da ku."

Baƙon ya yi gardama, Afa ya ɗaga kofin ruwan, sai baƙon ya rantse.

Suka jira kashin ya ƙare. Haske na gushewa a taga. Aka miƙa wa Abdul-Latif rimot, Mashudatu ta ɗora masa babban yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Lambobin suka fito. Biyar. Huɗu. Uku. Ya danna. Ukun ta tsaya cak a gefen allo.

Fuskar 'yarsa ta juyo gare shi da idanun da ba nata ba. Ya yi gyaran murya.

"Matar nan ta gaji da yawo," ya ce. "Ta sauka a wani gari. Ƙyauren ɗakin da ta kama ya lalace. Aka kira mata mai gyara. Yaro ne matashi. Ya naɗe hannun riga zai yi aiki, ta ga tabon da ta sani tun yana jariri. Ta kira sunan da ta raɗa masa. Ya ajiye guduma."



"Sai me?" in ji muryar.

"Ya gyara ƙyauren. Suka ci tuwo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Adisa ta fi ka iyawa nesa ba kusa ba."

"Na sani."

"To, rufe."

Abdul-Latif ya nemi kalmar a kansa, rabonsa da ita tun yana yawo ba wando. Mashudatu ta raɗa masa a kunne.

"Ƙurunƙus," ya ce.

Gefen kujerar da ya lotsa ya taso a hankali. Telebijin ya mutu. Ƙyaure ya buɗe ya rufe, ganyen dogon yaro ya kaɗa sau ɗaya ba iska. Farhana ta sulale a jikin uwarta, ta ƙifta ido, ta ce, "Mma, ruwa." A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, hadarin kwana uku ya saki.

Da Afa zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Goma sha biyu ne, Abdul-Latif. Kada ka tsallake ko ɗaya, kada ka maimaita masa wadda ya ji. Guda nawa ka sani?"

Abdul-Latif ya juya ya ɗauko makullin babur.

Washegari Juma'a bai buɗe shagon walda ba. Ya sa akwatin a cikin gwangwanin madara, ya kunna injin a tsakar gida, ya bi bakin murfin da wuta har ya zagaye. Ya ajiye shi a kan katanga. Sannan ya sayi goro da ƙosai, ya hau babur zuwa unguwar Gurugu, gidan Gwaggo Barikisu, yayar mahaifinsa, wadda rabonsa da ita tun ƙaramar sallah. Ya same ta a tabarma tana shan koko. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ta.

"Lafiya, Latifu? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo." Ya ajiye goron a gabanta, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa. "Tatsuniya na zo koya. Goma sha biyu."