Warin Karen Gidan Bahijja

"Baba ɗan sanda, idan kare yana wari, shi ma kama shi kuke yi?"

Bahijja ta fizgo hannun 'yarta. "Nana Aisha, rufe min baki!"

Sufeto Abdulhakeem ya ɗago kai daga takardun da ke gabansa, ya dubi yarinyar, ba za ta wuce shekara biyar ba. Safiyar Asabar ce, sati uku da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. A bayan matar akwai wani ƙaƙƙarfan mutum riƙe da wuyan rigar wani tsoho.

"Ba ma kama kare saboda wari," in ji Sufeto. "Malam, saki dattijon nan. Malama, me ke tafe da ku?"

Bahijja ta gyara mayafi ta yi bayani. Mijinta baduku ne, ya rasu bara, ita ta ci gaba da sana'ar a gidansu da ke Yakasai, tana ɗinka jakunkuna ana kai wa Kasuwar Kurmi. Jiya Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, aka buɗe ɗakin ajiyar da ke zaure aka kwashe mata jan fata guda arba'in.

"Ga ɓarawon nan na kawo muku," in ji mutumin. "Ni ne Ɗalha majemi, ƙanin marigayi. Wannan Mamman ne, mai kula da karen gidan. Ran Alhamis ya dawo daga ƙauye, ran Juma'a aka yi sata. Yallaɓai, kulki biyu kawai, zai yi bayani."

"Malam Ɗalha, wancan zamanin ya koma bariki. Nan tambaya muke yi." Sufeto ya juya. "Baba Mamman, ka ɗauka?"

"Wallahi ranka ya daɗe, ko allura ban taɓa ɗauka a gidan nan ba."

"Ke fa, Malama, kina zarginsa?"

Bahijja ta share ido. "Shi ya goyi 'ya'yana a kafaɗa. Ban yarda ba. Amma dangin mijina sun ce in ba a kai shi kotu ranar Litinin ba, da bakina a ciki."

"Kwana biyu ke nan. Kun ce akwai kare a gidan. Ina yake lokacin satar?"

"A kangon baya," in ji Nana Aisha. "An kore shi saboda yana wari."

Sufeto ya sa a zaunar da Mamman a bayan kanta, ya ce wa kofur ko yatsa kada a ɗora masa, sannan ya ɗauki hularsa.

Da suka isa gidan, ƙofar ɗakin ajiyar tana nan lafiya. Kwaɗon ma ba a fasa ba, buɗe shi aka yi. Sufeto ya juya shi a tafin hannu.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Bahijja. "Ga nawa. Na marigayi kuwa tun ranar jana'iza ba mu sake ganinsa ba."

"Mamman ne ya ɗauke, ba wani ba," in ji Ɗalha.

Sufeto ya saki kwaɗon. Ya nuna wani turke na ƙarfe dab da ƙofar ɗakin. "Nan ake ɗaure karen?"

"Nan ne, shekara huɗu. Wani Bature da marigayi yake yi wa aiki ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu. Gashi gare shi kamar tunkiya, shi ya sa yara suka sa masa Bargo. Ko kaza ba ta isa ta raɓi ƙofar nan ba. To bayan tafiyar Baba Mamman shuka, sai ya fara wari. Yallaɓai, warin da in ka shigo zaure sai ka toshe hanci. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce a mayar da shi baya. Yau kwana goma."

"Wa ya duba jikinsa?"

Bahijja ta girgiza kai. "Duba kuma? Ai mu ba ma taɓa shi. Daga nesa muke tura masa abinci da ruwa. Baba Mamman ne kaɗai yake sa hannu, shi da ya yi farauta, kuma tun da ya dawo bai samu ya duba shi ba."

"Kai fa, Malam Ɗalha?"

"Ni? Allah ya sauwaƙe! Najasa? Ko inuwarsa ba na takawa. Zagayawa nake yi."

Tun kafin su isa kangon wari ya tarye su. Karen yana kwance a jikin katanga, babba ne, ruwan ƙasa-ƙasa, yana ta susa da ƙafar baya. Sufeto ya taɓa yin shekara biyu tare da masu kula da karnukan 'yan sanda, saboda haka ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya miƙa bayan hannu Bargo ya sunsuna. Ɗalha ya tsaya can bakin ƙofa. Karen na hango shi ya miƙe da gurnani, gashin wuyansa ya tashi.

"Haka yake yi masa kullum," in ji Nana Aisha.

Sufeto ya ɗaga kunnen karen ya leƙa, ya sunsuna. "Ba kunne ba ne. Da nan ne, da mun ga baƙin danƙo." Ya ɗage leɓensa. "Haƙora ƙalau, dasashi ƙalau." Ya ɗaga wutsiya ya duba. "Nan ma lafiya."

Sai ya tura yatsu goma cikin gashin gadon baya, ya buɗa shi har fata. Matan da suka leƙo ta katanga suka ɗauki salati.

Daga sama gashin a bushe yake. Daga ƙasa kuwa a jiƙe yake sharkaf, ya dunƙule kamar tsumma, fatar ta yi ja tana tsatsafo ruwa. Ya ja kaɗan, gashi ya biyo hannunsa.

"Malama Bahijja, irin wannan karen gashinsa hawa biyu ne. In ruwa ya shiga na ƙasa ba a busar ba, sai ya kwana ya wuni yana ruɓewa a jikin fata. Wannan kare an daɗe ana jiƙa shi kullum, shi ya sa har yau bai bushe ba. Ruwan sama yana taɓa shi a zaure?"

"Ina! Zauren a rufe yake."

Sufeto ya tsinto wasu 'yan ɓarɓashi baƙaƙe daga cikin gashin, ya baza su a tafin hannu. "Ke baduku ce. Mene ne wannan?"

Ta matso ta duba. Idonta ya fito. "Bagaruwa ce. Wadda ake jeme fata da ita."

"Kuma wane ruwa ne yake sa gashi ya saki fata haka?"

"Ruwan toka, wanda majema suke jiƙa fata a ciki kafin su kankare gashin." Muryarta ta yi ƙasa. Ba ta waiwaya ba, amma Sufeto ya waiwaya. Bakin ƙofa babu kowa.

Ya nemi ƙasa da ruwa ya wanke hannu sosai, sannan ya fito waje. A ƙofar gidan wata tsohuwa tana harhaɗa ƙwaryar koko, ta gama cinikin safe. 'Yardada ake ce mata.

"Gwaggo, sannu da aiki. Ƙarfe nawa kike fitowa?"

"Ana sallame asuba, ɗana. Shekara ashirin ina nan, ba wanda ya taɓa kawo ƙarar kokona."

"Ba koko ya kawo ni ba. Wa yake shiga zauren nan da sassafe?"

"Tun da Mamman ya tafi? Ɗalha mana, Allah ya yi masa albarka. Kullum sai ya zo da galan ɗinsa kafin ya wuce majema. Ya tsaya daga nesa ya sheƙa wa karen, karen yana haushi shi yana tsaki. Na ce masa, kai da ba ka son kare? Ya ce lada yake nema, wanka yake yi wa dabbar marayu."

"Ina galan ɗin?"

"Ga shi can bayan turmina. Ranar da aka mayar da karen baya ya ce in ajiye masa, har yau bai waiwaye shi ba. Ka ɗauke min shi don Allah, ƙudaje yake tara min."

Sufeto ya buɗe murfin, ya kawar da kai da sauri. Warin Bargo ne sak. A ƙasan galan ɗin akwai sauran ruwa mai toka-toka, da ɓarɓashin bagaruwa yana yawo a kai.

Ya koma ciki ya sami Bahijja. "Fatunki suna da alama?"

"Huda uku nake yi musu a wuya da basilla, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Marigayi ne ya koya min."

Bayan azahar suka isa majema, Sufeto da kofur da Bahijja. Ɗalha yana tsaye a bakin kwatarniya yana juya fata da sanda, kamar ba abin da ya faru.

"Malam Ɗalha, ka tafi ba sallama."

"Aiki na bari, Yallaɓai."

"Ka ce ko inuwar karen ba ka takawa?"

"Haka ne."

Kofur ya dire galan a gabansa. Ɗalha ya dubi galan, ya dubi Sufeto.

"To... sau ɗaya ne ko biyu. Taimako na yi. Na ga ba mai yi masa wanka."

"Da ruwan toka? Kai da kake zubar da gashin akuya da shi kullum, ba ka san abin da zai yi wa kare ba? Jiya ina ka yi sallar Juma'a?"

"A babban masallaci."

"Da wa kuka tafi?"

Sauran majema sun ajiye aiki, sun zagaye su. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Mu dai da muka dawo daga masallaci a nan muka same shi, yana ta gumi."

"Buɗe mana ɗakinka."

A kusurwa akwai tarin ɗanyun fatu masu gishiri. Kofur ya toshe hanci ya ɗaɗɗaga su. A ƙasa sai ga buhu biyu. Bahijja ta zaro fata ɗaya ja jawur, ta ɗaga ta a hasken ƙofa. Rana ta ɓullo ta huda uku, biyu a sama ɗaya a ƙasa.

"Tawa ce," ta ce. "Duk nawa ne."

A aljihun rigar da ke rataye a ƙusa kofur ya ciro makulli ɗaure da jan zare. Bahijja na ganinsa ta dafe ƙirji. Ita ta ɗaura zaren da hannunta.

Ɗalha ya zauna daɓas a kan turmi. "Ni na ɗauka," ya ce. "Sana'ar gidanmu ce tun kakanni. Yayana ya mutu, sai ga mace ta riƙe, 'yan Kurmi suna zuwa wurinta suna wuce ni. Na ce in kayan suka ɓace za ta haƙura ta sakar min. Karen ne ya hana ni ƙofar. Na san ba mai taɓa shi a gidan, ba wanda zai gane."

"Shi kuma Baba Mamman?" in ji Bahijja. "Tsohon da ya wanke gawar yayanka tare da kai?"

Ɗalha ya sunkuyar da kai. Kofur ya sa masa ankwa, aka fito da shi ta tsakiyar majema, ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Kafin la'asar Mamman ya fito daga bayan kanta. Ko gida bai biya ba, kangon ya nufa. Sufeto ya bi shi da likitan dabbobi. Aka sa almakashi aka yanke duk gashin da ya dunƙule, aka wanke Bargo da sabulu mara kaifi, aka ɗauraye shi har sau uku don kada kumfa ta maƙale. Mamman ya goge shi da tsohon zane, ya zauna da shi a rana yana taje gashin layi-layi har fata ta bushe. Likita ya ba da maganin shafawa, ya ce wanka sau ɗaya a wata ya isa, taza kuwa kullum.

Sati biyu bayan haka Sufeto ya biyo ta Yakasai. Bargo yana kwance a turkensa, gashi ya fara tsirowa, zaure ba abin da yake yi sai ƙamshin sabuwar fata. Mai unguwa da kansa ya ce a dawo da shi. Mamman yana gefe da mataji, Bahijja ta aiko wa Sufeto da gaisuwa daga ciki, ana jin ƙarar gudumarta.

"Baba ɗan sanda," in ji Nana Aisha, "yanzu ya daina wari. Ba za a kore shi ba ko?"

"Wanda ya kamata a kora an kore shi," in ji Sufeto, yana dariya.

Ke uwa 'yar'uwata, da kai maigida, in kun ajiye kare mai gashi don ya tsare muku gida da 'ya'ya, ranar da ya fara wari kada ku tsaya daga nesa kuna toshe hanci. Ku sa a duba kunnensa, a duba bakinsa, a buɗa gashin har fata. In ba za ku iya taɓawa ba, ku kira wanda zai iya, a ranar. Kada ku yarda a kwance shi daga ƙofa kafin ku san abin da ya jiƙa shi, da wanda ya jiƙa shi.