Tarhon Ƙarfe Ɗaya da Rabi

"Ba inda za ki, Verna! Kina ji na ko? Ba inda za ki!"

Opal Haskett ke nan a kicin, wai ƙasa-ƙasa take magana don kada mijinta ya ji, alhali ni da ke saman bene babu abin da ya wuce ni. Gidajen katakon nan namu na birnin Cincinnati, ko atishawa aka yi a ƙasa sai na ce musu sannu.

Verna na guge farar rigar babanta, hawaye na ɗiga a kan wuyan rigar.

"Haba Mama! Shekara biyu fa Floyd yana jirana. Yanzu kamfanin jirgin ƙasa ya mayar da shi garin Omaha, yau ƙarfe uku zai tafi. Amsa kawai yake so."

"To ya tafi mana! Maza sun ƙare ne? In kin bi shi, wa zai riƙa buga wa babanki waya?"

To, ga inda matsalar take. Wendell Haskett ya yi shekara goma sha tara yana ɗan ko-ta-kwana a gidan wasan kwaikwayo na bakin kogi. Shi ne mai haddace duk maganar babban ɗan wasa, in wancan ya kwanta ciwo a kira shi ya hau dandali a madadinsa. Ƙa'idar aikin ita ce ya yi aski, ya sa kwat, ya zauna kusa da tarho har sakatariya ta bugo ta ce ya zo ko ya huta. A duk shekarun nan sau huɗu kacal aka ce ya zo.

Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance aka rufe gidan wasan, aka mai da shi kantin katifa. Opal ta rantse in ya ji zuciyarsa za ta buga. Sai ta ce masa wai darakta ya bar masa wasan rana kawai, na Laraba da Asabar. Kullum da safe ta bi jarida da almakashi ta yanke shafin wasanni. Ita kuwa Verna, tun tana 'yar sha bakwai, duk Laraba da Asabar sai ta je kantin magani na kan kwana, ta jefa kwabo a tarho, ta rufe bakin tarhon da hankici, ta zama Mis Pruitt sakatariya: "Ba a bukatarka yau, Mista Haskett."

Floyd ya shigo ta ƙofar baya da akwatinsa, yana ta juya hula a hannu. Yaro mai sanyin hali, wallahi har haushin haƙurinsa nake ji.

"Mama, ki yi haƙuri in ce wani abu. Ai akwai tarho a Omaha. Ta riƙa bugowa daga can mana."

"Kai dai Allah ya ba ka tsawo ya hana ka dabara! Wayar nesa ai sai mai haɗa layi ta fara cewa 'ga kira daga Omaha'. Me Mis Pruitt take yi a Omaha?"

"To a samu wata ta..."

"Wata? In tona asirin gidana a unguwa?"

Na kusa fashewa da dariya. Gida huɗu ne a kan layin waya ɗaya, kowa da irin ƙarar tasa, kuma duk mun san wace ce Mis Pruitt.

Verna ta ajiye dutsen guga, ta kasa kallonsa. "Ka tafi, Floyd. Kada ka sake jirana. Na cuce ka da yawa."

Ya ajiye ɗan zobe a kan tebur. "Ina tasha har jirgi ya tashi."

Daga falo sai ga muryar Wendell, garau kamar yana kan dandali: "Opal! Ina rigata? Ƙarfe ɗaya ta wuce fa!"

Ranar na kasa zama. In leƙa taga, in dawo, in ɗora shayi, in manta da shi. Na ga Verna ta fita da hankicinta, zoben a hannunta, tana tafiya kamar wadda aka aika ta kai labarin rasuwa.

Ɗaya da rabi daidai tarho ya yi ƙarar gidan Haskett, doguwa ɗaya gajeru biyu. Kada ku ce ni 'yar sa-ido ce. Na ɗauka dai.

"Mista Haskett? Mis Pruitt ce. Ba a... ba a bukatar..." Muryar ta karye. Sai shesshekar kuka.

Na ji Wendell ya ɗaga murya: "Opal, taimaka mini da shayi, maƙogwarona ya bushe." Da takunta ya yi nisa, sai ya dawo da muryarsa ƙasa.

"Verna, cire hankicin nan."

Salati na yi a zuciyata.

"Baba... tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Shekara goma sha tara ina harka da 'yan wasa, ke kuwa, 'yata, ko kaɗan ba ki iya ba! Mis Pruitt ba ta taɓa ce wa mutum 'ka kula da kanka' ba, matar ba ta da kirki. Sannan katifar da uwarki ta sayo mini, takardar kantin na manne a jiki da adireshinsa. Zan manta adireshin da na ba rayuwata?"

"To me ya sa ka yi shiru? Shekara shida, Baba!"

"Saboda uwarki. 'Yar likita ce, ta bar gidan ubanta ta auri ɗan wasa, danginta suka yi mata dariya. Kwat ɗin nan na ranar Asabar shi kaɗai ya rage mata. Na ɗauka ita nake yi wa wasa. Sai yau da na ji ku a kicin na gane ke ce ke biyan kuɗin kallon. Ki yafe mini, Verna."

"Baba, Mama fa..."

"Bar mini uwarki, matata ce. Ƙarfe nawa jirgin?"

"Uku."

"To me kike tsaye yi? Ruga!" Ya ɗan tsaya. "Ke kuma Misis Kessler, na san kina kan layi, ina jin numfashinki. Ajiye wayar ki sauko, za a bukace ki."

Kunya ta kusa kashe ni, amma na sauko.

Na tarar da Opal tsaye a ƙofar falo, da kofin shayi a hannunta. Ashe ta ji rabin maganar. Na karɓe kofin kafin ya faɗi.

"Wendell! Ka bar ni ina ta yanke jarida kamar mahaukaciya?"

"Ke ma kin bar ni ina aski don kantin katifa."

Ta buɗe baki za ta yi masifa, sai kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. "Tsoro nake ji. Na zaci in babu wasan, babu abin da zai sa ka tashi da safe."

Ya shafa kanta da hannunsa mai lafiya. "Akwai ke. Gobe dai ki ba ni jaridar da ba ta da rami."

Verna ta iske Floyd saura minti goma jirgi ya tashi, zoben a yatsanta. Bayan sati uku ya dawo aka ɗaura aure. Wendell da kansa ya raka 'yarsa coci da sandarsa, fitarsa ta farko ke nan cikin shekara shida. Da motar ta bi ta gaban kantin katifa, ya cire hula, sannan ya mayar.

Ku 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Ƙaryar da aka yi don tausayi ƙarya ce dai, kuma kullum akwai wanda ake zalunta da ita a cikin gidan. Mutum uku suna ƙaunar juna, kowa na ruɗin ɗan'uwansa, har suka kusa raba yarinya da mijin kirki. Floyd bai zagi kowa ba, bai sace 'yar mutane ba, ya yi haƙuri ya samu matarsa da albarkar iyayenta.

Har yau duk Asabar, ɗaya da rabi, tarhon ƙasa yana ƙara, doguwa ɗaya gajeru biyu. Mai haɗa layi ta ce, "Ga kira daga Omaha." Sai Wendell ya ce, "Ana bukatata yau?" Verna ta amsa da muryarta ta gaskiya: "Kullum ma, Baba."

Daga nan nake ajiye wayar. Yawanci dai.