Kafin Lokacin Kaciya

"Ba inda za a kai min jika," in ji Dada, surukata, tana murza man shanu a marar Khalid. "Ranar kaciya wanzami zai duba shi."

"Dada, sai ya shekara bakwai fa..."

"Ina ruwanki da lissafin shekaru? Zai sauko da kansa."

Watan ɗana goma sha ɗaya, ƙwan marainansa na hagu bai sauko ba. Sista Lidiya, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, ta ce ƙaramar tiyata ce a Yola, amma a yi kafin ya shekara ɗaya da rabi. In aka bari ya girma, haihuwa na iya yi masa wuya.

Ban ga laifin Dada ba. A hanyar Yolan nan ta rasa autanta bara, ranar da muka gudu daga Mubi saboda harin 'yan bindiga. Tun da muka dawo ko unguwar Kolere da ke nan cikin gari ba ta yarda a je.

Na bi mijina Murtala zaure, inda yake goge babur ɗin da ya riga ya goge, da tsumma a hannu.

"Maigida, ba zan fita ba sai da izininka. Kai kuma ba ka ƙetare maganar Dada. Shi yaron fa?"

"Mairamata, ki ƙara haƙuri..."

"Shekara shida na yi haƙuri ana ce min juya. Sista ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, wai wani lokaci yana bin jini. Na ce babu."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Akwai," ya ce a hankali. "Tabon nan da na ce miki na ƙaba ne... Ni ma sai ranar kaciya wanzami ya gani. An yi min aiki, likita ya ce an makara."

Duk jiƙon da na sha, duk kallon da aka yi min a gidajen suna, ashe yana sane.

"Ka bar ni na ɗauka ni kaɗai?"

"Tsoro nake kar ki tafi."

"Da na zauna. Wannan ne ba ka sani ba."

Ya wuce tsakar gida, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Dada, ni ma kaciya kuka jira. Mairama ce ta sha zagin da ba nata ba. Ba zan bari Khalid ya yi wa 'yar wani haka ba. Gobe za mu Yola."

Dada ta daɗe tana kallon yaron, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta rufe kwalbar man, ta goge hannu da zaninta.

"Ku nemi mota mai wurin mutum uku," ta ce. "Wannan karon ni zan riƙe shi a hanya."