Murjanin da Baba Ya Ba Shi Kiwo

Ranar da ta fara ganinsa, hannunta na cikin ruwan gishiri, tana goge gansakuka a jikin babban tankin kifi na shagon Baba. Saurayin ya shigo da sabon tanki a kafaɗa, wanda shi ya yanka gilashinsa ya haɗa. Ta cikin ruwan ta hango fuskarsa ta yi faɗi kamar faranti. Dariya ta kufce mata, ta yi saurin sunkuyar da kai.

"Ni ake wa dariya, ko kifin?" ya ce.

Auta ta ci gaba da goge tankin cike da kunya.

Tun daga ranar, Mai Gilashi bai rasa abin aunawa a shagon ba. Yayarta ta ce, "Tankin nan namu kullum ƙara tsawo yake ne? Jiya ma an auna shi."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, sai ya ɗaure fuska. Shi ɗan abokinsa yake so ya ba ta.

"Yaron nan gilashi ya sani," in ji Baba. "Bai taɓa kula da abu mai rai ba."

Auta ta daina cin abincin kirki, Mama ta yi ta lallashin Baba har ya sauko. Ya yanko ɗan guntu daga tsohon murjaninsa mai rai da yake kiwo a tanki, irin mai buɗewa kamar kwano, ja mai ɗigon kore, ya miƙa wa saurayin a roba.

"Wannan dabba ce, ba dutse ba. Je ka raya shi. In na zo na same shi da rai, sai mu yi magana."

Da farko saƙo yana zuwa mata kullum: "Autata, amanarmu tana lafiya. Ke fa?" Can kuma sai shiru. Bai zo shago ba, bai kira ba. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga baya ta tura: "In ka fasa ne ka faɗa min. Ba zan yi fushi ba."

Amsa ta zo nan take: "Ban fasa ba, rabin raina. Na kashe murjanin ne. Da wane ido zan kalle ki?"

Ta roƙi Yaya ta raka ta wurin aikinsa. Tankin na kan tebur a tsakanin ɓarɓashin gilashi, ruwan tas, gishirin daidai. Amma murjanin yana can ƙololuwar dutsen da ke cikin tankin, daf da fitila, ya yi fari fat kamar alli.

"Me ya kai shi sama haka?" ta ce.

Ya sosa ƙeya. "Daga gidanku ya fito. Na ga bai kamata in ajiye shi a ƙasa ba."

Yaya ta kama ciki tana dariya. "Ka girmama shi har ka gasa shi."

Auta ta matsa ta ƙura ido. A gefe ɗaya akwai sauran tsoka, ƙananan bakunansa ba su rufe ba. Sai a lokacin ta saki numfashi.

"Bai mutu ba. Irin wannan ba ya son haske mai ƙarfi. Sauko da shi ƙasa, wurin inuwa, ka bar shi ya huta."

"Abokina cewa ya yi in sayo irinsa in musanya."

"Ka sayo?"

"A'a. Ba zan fara shiga gidanku da ƙarya ba."

Ta juya baya don kada ya ga murmushinta.

Sannu a hankali launi ya fara dawowa, amma ranar da Baba ya zo, rabin murjanin fari ne har yanzu. Auta ta tsaya a bayan Mama. Baba ya sa tabarau, ya durƙusa, ya daɗe yana kallo.

"Ka ƙona shi."

"Na ƙona shi, Baba."

"Ga kuma sabuwar tsoka tana fitowa a baki." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Duk mai kiwo ya taɓa ƙonawa. Ni na zo ne in ga ko nawa zan tarar, ko na kasuwa. Ka turo manyanka."

Auta ta zauna a kan wani bokiti, tana kuka tana dariya.

Bayan an ɗaura aure, Baba ya zo ganin ɗakinsu. Ya riƙe hannayensu biyu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Suka ce amin.

Har ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo ya dubi tankin murjanin da ke ɗakin. "Kai kuma, ɗana, rage fitilar nan kaɗan."